Mai-Kwalli Ta Je Badun

Tun da na dawo daga Kurmi ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya gan ni sai ya jawo benci ya ce, Haladu, yaya Badun ɗin take? Na ba da labarin har na fara kama kaina ina ƙara kogi ɗaya a hanya, ran nan ma na ce mun ga giwa, alhali jaki ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Wanda abin ya fi shafa ya yarda in faɗa, in dai ba zan sa gishiri ba. Ban yi masa alkawari ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, masara na bi. A gidanmu a Kutemeshi akwai wani iri da muke kira Mai-kwalli, fara ce mai ɗan baƙi a bakin kowace ƙwaya. Tana nuna da wuri, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuma ba ta da kwaɗayin takin zamani. Inna ta gaje ta wajen uwarta. Inna 'yar Gbagyi ce, har yau a kafaɗa take ɗaukar kaya, ba ta yarda a ɗora wa kai nauyi. A al'adarsu ba a sayar da iri. Mace ta zo ta roƙi cikin tafi, da kaka ta dawo da goyo biyu, shi ke nan. Amma shekarun da daji ya hana noma sun cinye irin a gidajen mutane, wasu sun gudu sun bar shi, wasu yunwa ta sa sun daka. Bana na Inna kaɗai ya rage a duk yankinmu, kuma matan unguwa suna jiran ta da ruwan fari.

Da can a saman murhu take rataye shi ya sha hayaƙi. Tsoron masu kwasar kayan mutane ya sa ta sauya dabara: ta ɓare shi da hannunta, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta ƙulle a tsohon zanenta, ta cusa ƙullin a tsakiyar buhun masarar sayarwa, ta ɗinke. Ta ce mini kada a taɓa buhun da ke bayan ƙofa. Na ce to. Ina jin ƙwallo a rediyo lokacin, da ta ce a sayar da ni ma to zan ce. Da masara ta yi daraja dillali ya zo da mota, na loda masa komai, na bayan ƙofar ma shi na fara ɗagawa don ya fi kusa.

Sai bayan mako biyu, da hadari ya fara leƙowa daga gabas, Inna ta shiga neman buhunta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na ji sauƙi. Fartanyarta ta ɗauko ta jingine a ƙofar ɗakina, ta ce in haɗa da ita in sayar. Na ce zan sayo mata irin kamfani mai leda. Ta ce wancan baƙo ne, shekara ɗaya yake yi, 'ya'yansa ba sa kama da shi. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, amma ran nan ko “kai wannan” ɗin ma ban samu ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, da furfurata da 'ya'yana.

Dillali ya ce duk buhunan Kutemeshi na wancan makon motar Ɗanjuma ce ta kwashe su zuwa wani injin abincin kaji a Badun. Da jin Badun sai hankalina ya ɗan kwanta, don ƙanena Isuhu shekararsa uku a can. Ya ce mana shi manaja ne a kamfanin abinci, har hoto ya aiko yana sanye da farar riga, ya dafa wata mota. Na kira shi bai ɗauka ba, na ce manyan mutane ke nan. Da zan tafi Inna ta miƙo mini gwangwani cike da man kaɗe, ta ce in kai wa manaja. Na ce me manaja zai yi da man kaɗe? Ta ce in kai dai.

A tashar Birnin Gwari na sami Ɗanjuma, ƙaton direba mai haƙorin Makka, ana loda masa sabuwar masara. Da ya ji abin da zan je nema ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota. Ya ce masarar da ta yi mako biyu a Badun ai ta zama ƙwai, an soya, an ci. Na ce ina da ƙane manaja a can, zai bincika mini. Sai tari ya sarƙe shi, ya ce in hau sama kawai.

A saman buhunan mun kai mu goma sha, yawanci samarin Tabanni da ƙauyukan gefenta, kowa da 'yar jakarsa, za su neman aiki. Kusa da ni wani dattijon Bafulatani ne, Baffa Ori, zai je duba ɗansa da ya kaɗa shanunsu Kurmi. Da hantsi muka tashi a jere da wasu motoci, don har yanzu direba ba ya son shiga dajin nan shi kaɗai. Muna shiga kowa ya yi tsit, mai taba ya kashe, mai waƙa a waya ya rufe. Ina ganin gonakin da gamba ta cinye ina kiran sunan masu su a raina, Baffa Ori kuma yana nuna mini mashaya da leɓe. Can ya ce da mu da su mun shekara muna faɗa kan gefen gona, ga shi yau gonar ta tafi, saniyar ta tafi, buhu ɗaya muke zaune a kai. Na ce in dai haka ne ya matsa, don ya ci mini iyaka. Ya ce shi ma haka shanunsa suke ji da mu.

Kafin Tegina iska ta tafi da hulata. A Mokwa taya ta fashe muka yi rabin wuni a gindin mangwaro, samari suka ci ɗanye har cikinsu ya fara magana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu tare hanya da katako mai ƙusoshi. Kowace iyaka da nasu, kuma duk abu ɗaya suke tambaya, takardun kaya. Ashe masara takardu gare ta kamar mai zuwa aikin Hajji, ta inda ta fito, ta inda za ta, ta lafiyarta. Mu da ke zaune a kanta ba wanda ya tambayi ko sunanmu. A wani shingen wani ya leƙo ya ce waɗannan fa? Ɗanjuma ya ce danni ne, don kada tamfol ya tashi.

Gadar Jabba ita ce iyakar gaskiya. Kana haye kogin nan komai ya sauya, ƙasa ta yi ja, ciyawa ta yi kore shar, don su tuni damina ta sauka. Ba mu yi nisa ba ruwa ya tsuge. Ɗanjuma ya tsaya da sauri, na ce Allah ya yi masa albarka, mai tausayi ne. Sai ya ce mu tashi tsaye, aka ja tamfol aka lulluɓe masara ruf, aka ɗaure, ya ce mu koma mu zauna. Haka muka shiga Ilori a jiƙe sharkaf, masara kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba. Can gaba Baffa Ori ya sauka a wani daji da ya ce nan ne, ya rataya sandarsa, ya ce in na ga masarata in gaishe ta.

Rana ta uku da la'asar muka shiga Badun. Garin ba ya ƙarewa. Rufin kwano mai tsatsa har inda ido ya tsaya, kowa yana sauri, kowa yana ci a tsaye, kuma ban ga rumbu ko ɗaya ba. Na yi ta tunanin duk bakunan nan wa ke noma musu, sai na tuna a kan amsar nake zaune.

Inji ya riga ya rufe karɓar kaya, don haka Ɗanjuma ya sauke ni a wani ɗakin 'yan dako bayan tasha. Ɗakin ba taga, kuma barci bi da bi ake yi, masu aikin dare su tashi masu aikin rana su kwanta. Tabarmar da aka ba ni da ɗuminta na same ta, da safe ma ina naɗe ƙafa wani ya riga ya fara hamma a kaina.

Da safen nan na yi abin kunya na farko. Na tsaya wajen wata mai abinci, sai ga wani saurayi cikin riga mai kyau ya zo gaban wani tsoho ya zube rub da ciki. Na ce inna lillahi, santsi ya kwashe bawan Allah. Na ruga na ciccibe shi ina kaɗe masa riga ina sannu. Shi yana fizgewa, tsohon yana zare mini ido, mai abinci ta saki ludayi tana dariya. Ashe gaisuwa ce, haka suke gaida manya. Mu durƙuso muke yi muna ganin mun kai ƙarshen ladabi. Don ta wanke ni mai abincin ta zuba mini amala, wani baƙin tuwo na garin doya, da miyar ayoyo da jan barkono a sama. Tana ce mini Mala, wato Malam a bakinsu, ci, ci. Na ci loma uku na ji kunnuwana sun buɗe, na fara jin abin da ake faɗa a ƙetaren titi. Gaskiya da daɗi, amma ba abincin da za ka ci ka shiga doguwar mota ba ne.

Injin yana bayan gari, haɗe da gidan kaji. A bakin ƙofa akwai wani ɗan kududdufin ruwan magani, mai gadi ya ce sai na tsoma ƙafa. Na ce na yi alwala. Ya ce ba don ni ba ne, don kaji ne, kada in kawo musu cuta. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa wanke ƙafa don zan wuce ta gaban kaza ba, amma na tsoma. Na leƙa ta raga na gan su, dubbai, farare tas. Suna da fanka, suna da wutar lantarki, ruwa yana zuwa musu ta famfo, har likita gare su. Ga Mai-kwalli ko wata 'yar'uwarta an niƙe an zuba musu suna ci suna watsarwa. A gefen katanga kuwa leburori suna zaune kan bulo suna shan garin kwaki, kuma daga Hausarsu na san rabinsu 'yan wajenmu ne, masu gonakin da na gani gamba ta cinye. Motar da ke kai masara ita ke kai masu noman ta, kuma wuri ɗaya take sauke su.

Na gyara rigata na ce wa mai gadi manaja nake nema, Isuhu, ɗan Birnin Gwari. Ya ce manajansu ba Bahaushe ba ne. Na nuna masa hoton. Ya duba, ya ce motar dai ta manaja ce. Sannan ya yi murmushi ya ce, ko Mai-kafaɗa nake nufi? Ya nuna mini inda ake sauke motar Ɗanjuma.

Layin 'yan dako ne, kowa da buhu a ka ko a ƙeya, suna hawa wani katako zuwa bakin inji. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya ɗora nasa a kafaɗa, ya ɗan karkata, yana tafiya irin ta Inna in ta dawo daga itace. Ban buƙaci ganin fuskarsa ba. A ƙarƙashin buhun kuma, an ninke shi an yi gammo, zanen Inna ne mai ruwan ƙasa.

Duk hanya na shirya yadda zan roƙi manaja. Ban shirya wannan ba. Tausayinsa ya kama ni, sai bakina ya yi abin da ya saba. Da ya juyo na ce, “Ranka ya daɗe, manaja, na zo neman aiki.”

Ya yi tsaye da buhu a kafaɗa. Ya rame, ya yi baƙi. Ya ce, “Yaya, Inna ta sani?”

Na ce abin da Inna ta sani shi ne na sayar da irinta.

Da aka ba su hutun azahar ya ja ni bayan katanga yana ba ni labari. Shi ke farke buhu a bakin inji ran da kayanmu suka iso. Ya yanka wani, masara ta zubo, sai ga ƙulli ya gangaro zai faɗa cikin haƙoran inji. Ya kai hannu ya cafke kafin ya san ko mene ne, har ƙarfe ya ɗebe masa fata a gwiwar hannu. Shugaban leburori ya yi ta masifa wai an cusa musu toka a kaya. Shi kuwa ya ce da ya ji warin hayaƙin murhunmu a jikin zanen, nan take ya gane na Inna ne. Ya ga kirana, ya ƙi ɗauka, don bai san yadda manaja zai ce ya tsinci ƙulli a cikin buhu ba. Dabararsa ita ce ya ba Ɗanjuma a wannan zuwan, a ce a ƙasan mota aka gani.

Ya ce, “Da ka zauna a gida, Yaya, da ya zo ya same ka.”

Na tuna hulata da ruwan Ilori da barkono, na ce Allah ya isa tsakanina da ƙwallo.

Amma ba duka ya ajiye ba. A tsakanin katanga da kwata akwai wata 'yar ƙasa da ba ta fi tabarma huɗu ba, ya share ta ya yi kunya. Ga Mai-kwalli ta tsiro, ganye uku-uku, a garin da ba ta san kowa ba. Ya ce ya kasa haƙuri, ruwa na zuba, iri na ƙarƙashin kansa. Wata Mama Saratu 'yar Tabanni, mai sharar masarar da ta zube a inji, ta gane ƙwayar tun daga nesa, ta ajiye tsintsiya ta zo da tafinta a buɗe. Daga ita sai wasu. Yanzu akwai Mai-kwalli a bayan coci, da gefen masallacin leburori, da cikin tsohuwar taya. Kowa ya yi alkawarin goyo biyu. Mama Saratu ta ce in faɗa wa Inna nata zai biyo motar Ɗanjuma.

Abin da ya rage ya fi rabi. Isuhu ya juye mini shi a wata tsohuwar rigarsa ya ƙulle. Na ce zanen fa? Ya sunkuyar da kai ya ce in bar masa. Ya roƙe ni kada in faɗa a gida, wai in ya tara abin gyaran gona zai dawo da kansa. Na yi masa rantsuwa. Har na juya na tuna da gwangwanin man kaɗe, na miƙa masa. Ya daɗe yana kallonsa, ni kuwa hankalina yana kan Ɗanjuma da ke ta danna ham.

Ban tambayi abin da mota ke ɗaukowa a dawowa ba, hancina ya gaya mini. Kashin kaji ne, buhu-buhu, manoman wajenmu ke saye su zuba a gona tunda takin zamani ya fi ƙarfinsu. Mu aika da masara, a aiko mana da abin da ya rage bayan kaza ta gama da ita. Kwana uku ina zaune a kai, iri na cikin rigata a kan cikina. Wannan karon da ruwa ya sauko ni na roƙi a bar tamfol a buɗe, gara jiƙewa da shaƙar warin a rufe. Masu katako ma ba su daɗe da mu ba, daga nesa suke ɗaga hannu mu wuce. A Birnin Gwari mai babur ya ce zai kai ni Kutemeshi in na yarda in zauna can ƙarshen kariya, kuma kada in yi magana ta gefen fuskarsa.

Na isa da yamma, an yi yayyafin fari da safe, gari yana ƙamshin ƙasa, ni ina nawa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na ajiye ƙullin. Ta kwance, ta ɗebi ƙwaya ta shinshina, ta ɗan ciza ɗaya. Ta auna da ido ta ce ya ragu. Na gaya mata inda sauran ya tafi, da Mama Saratu, da tsohuwar taya, da 'yar gonar da manaja ya sa aka yi masa a bayan ofis. Ta tambayi ƙwaya nawa ya sa a rami. Na ce uku. Ta gyaɗa kai. Ta aika a faɗa wa matan unguwa su zo gobe da tafinsu, ta je da kanta ta ɗauke fartanyarta daga ƙofar ɗakina.

Na fara jin na tsira, sai ta ɗaga rigar da aka ƙulle irin a ciki. Ta juya ta, ta tsaya a kafaɗar dama inda yadin ya cinye ya zama raga. Ta ce ina zanenta?

Na ce ai manaja ya ga ya yi masa kyau, ya shimfiɗa a kan teburin ofis.

Ta ninke rigar a hankali ta ɗora a cinyarta, ta jawo rariyarta.

“Kai wannan,” ta ce, “in kun yi waya ka ce masa ya riƙa ninka shi huɗu, biyu ba ya tare buhu. Man kuma ya shafa kafin ya ɗauka, ba bayan ya sauke ba.”